Guzurin Magani ga Mai Raka Mahaifiya Makka

Ɗana, na ji bana kai ne za ka raka mahaifiyarka aikin Hajji. Allah Ya kai ku lafiya, Ya karɓi ibada. Na san hankalin gida yanzu yana kan ɗinki da kilishi da yajin da za a ƙulla mata. Ni maganar magungunanta nake so mu yi, domin mai hawan jini da ciwon suga ba ta da guzurin da ya kai ƙwayar da take haɗiya kullum.

Ka fara da sanin sunayensu. Iyayenmu da launi suke gane magani: "ƙaramar farar nan ta safe", "mai ruwan ɗorawa ta dare". A gida hakan yana wucewa, tunda mai kemis ɗin unguwa ya san abin da take nufi. Likitan da za ka tsaya gabansa a Madina bai san farar ƙwaya ba, suna yake so. Tun da sauran wata guda ka kai ta asibitin da take zuwa, ka gaya wa likita tafiya za ta yi. Ya duba ta, ya rubuta takarda da Turanci mai ɗauke da ciwonta, da sunan kowane magani na asali irin su metformin ko amlodipine, da ƙarfinsa, da sau nawa ake sha. Sunan kamfani yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, na asali kuwa ko'ina shi ne. Takardar ta zauna a jakarta ta wuya, hotonta a wayarka. Ku lissafa kwanakin tafiya ku ƙara na mako biyu, don jigilar dawowa takan yi jinkiri.

Kada ka bari a ɓare ƙwayoyi a zube su cikin leda ɗaya wai don rage kaya. Kowane magani ya tafi a kwalinsa, da sunansa da ranar lalacewarsa a jiki. Saudiyya ba ta wasa da maganar miyagun ƙwayoyi, hukuncin safararsu yakan kai kisa, kuma tramadol da duk abin da ke da kodin a ciki suna iya jefa mutum cikin tashin hankali idan babu takardar likita. Ka tuna da wata ɗaliba da aka kama a can a ƙarshen 2018, saboda jakar tramadol da miyagu suka maƙala wa sunanta a filin jirgin Kano. Ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, sai da ta yi wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta fito. Saboda haka ka tsaya a kan kayanku har a auna, ka ƙirga takardun jakunkuna. Wanda ya kawo ƙulli ya ce saƙo ne a kai wa ɗan'uwansa, ka ba shi haƙuri, ko da kuwa surukinka ne. Mahaifiyarka za ta ji nauyin ƙi. Kai ka ɗauke mata wannan nauyin.

Magani a jakar hannu yake tafiya. Babbar jaka tana iya ɓata, tana iya biyo wani jirgin bayan kwana uku. In allurar insulin take yi, ƙasan jirgi yana iya daskarar da ita, wadda ta daskare kuma ta tashi daga aiki. Wadda ba a buɗe ba firji take so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ban da wurin ƙanƙara. Wadda aka buɗe takan yi kamar mako huɗu in zafi bai haura 30 ba. Zafin Mina da Arfa kuwa ya wuce nan nesa. A Hajjin 2024 sama da mutum 1,300 suka rasu, zafin Makka ya haura 50. Ka nemi ƙaramar jakar sanyaya magani, ka naɗe kwalbar a ƙyalle don kada ta taɓa ƙanƙara.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda tsofaffi ke yi a ɓoye. Wani maganin hawan jini yana sa yawan fitsari, sai tsohuwa ta daina sha don alwalarta ta kai ta sallar Harami, ta kuma rage shan ruwa saboda layin banɗaki. Ba za ta gaya maka ba, kunya ce da son ibada. Ku tambayi likita tun a nan ko za a sauya mata lokacin shan, kai kuma ka riƙa miƙa mata da hannunka. Haka nan kada ta sha maganin suga ta fita ɗawafi da yunwa. In ka ga tana gumi mai sanyi, hannu na rawa, magana na sarƙewa, suga ne ya faɗi: a ba ta dabino ko lemo mai zaƙi nan take, sannan a nemi ma'aikatan lafiya. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, ka ɗaura mata shan magani da lokutan sallah.

In kun dawo, ka duba ledar maganin nan da ke rataye a ƙusa kusa da kicin. Zafi da laima suna cin magani, yara kuma suna ganin mai launi kamar alewa. A samo akwati mai rufi, a ajiye a sama, cikin ɗaki mai inuwa. Wanda ranarsa ta wuce a fitar da shi, wanda ba shi da lambar NAFDAC kada ya shigo. Maganin yara na gari da ake zuba wa ruwa ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu bayan an haɗa shi, na ɗiga a ido wata guda bayan buɗewa. Maƙwabciya kuma in ta zo da ciwon kai, kada a ɓallo mata ƙwayar hawan jinin Hajiya don zumunci, asibiti za a nuna mata.

Gobe ka je ka zauna da ita, ta zazzage ledar a kan tabarma, ku bi su ɗaya bayan ɗaya kana rubutawa. Ka gaishe ta, ka ce ta sa mu a addu'a a Arfa.