Darasi: Yadda Gobarar BMW 520d Ta Jawo Kiranye, Da Yadda Ake Binciken Mota Da Wayar Hannu

Duk mai bibiyar labaran wayoyi zai tuna abin da ya faru da Galaxy Note 7 a shekarar 2016, lokacin da batirinta ya riƙa kamawa da wuta har Samsung ta nemi a dawo mata da wayoyi kusan miliyan 2.5. Wannan shi ake kira kiranye: kamfani ya amsa cewa kayan da ya sayar suna da matsalar da za ta iya cutar da mutane, sai ya kira su domin gyara ko musanya kyauta. Shekara biyu bayan haka, irin wannan ya faru a ƙasar da Samsung ta fito, wato Koriya ta Kudu, amma a kan motar alfarma mai amfani da man dizal, BMW 520d.

Darasin yau zai yi bayanin abin da ya ƙona motocin, yadda koken masu su ya tilasta ɗaukar mataki, da yadda mutum zai duba mota da wayarsa kafin ya biya kuɗi.

Abin da ya faru

A shekarar 2018, motocin BMW sama da 40 suka kama da wuta a Koriya ta Kudu, da yawansu suna cikin tafiya a kan titi. Samfurin da ya fi yawa a ciki shi ne 520d, wadda a lokacin tana cikin motocin waje da aka fi saya a ƙasar. Masu wucewa suka riƙa ɗaukar bidiyo suna sakawa a intanet. Tsoro ya kai ga wasu wuraren ajiye motoci suka liƙa sanarwar hana BMW shiga.

A ƙarshen watan Yuli kamfanin ya sanar da kiranyen motoci 106,317 na samfura 42. Ranar 6 ga Agusta shugaban BMW na Koriya, Kim Hyo-joon, ya fito gaban 'yan jarida ya ba da haƙuri. Ranar 14 ga watan, ministar sufuri Kim Hyun-mee ta sanar da cewa za a hana duk motar da ba a kai ta binciken gaggawa ba hawa titi, kuma a lokacin akwai kusan 27,000 da ba a duba ba.

Abin bai tsaya a Koriya ba. A watan Agustan an kira motoci kimanin 324,000 a Turai, zuwa Oktoba kuma adadin ya kai kusan miliyan 1.6 a faɗin duniya, har da Amurka da Kanada.

Me ya jawo wutar?

Injin dizal yana fitar da wata iska mai guba da ake kira NOx idan zafin ƙonewar mai ya yi yawa. Don rage ta, injiniyoyi suka ƙirƙiro tsarin EGR. Aikinsa shi ne ɗibar wani kaso na hayaƙin da zai fita ta salansa, ya mayar da shi cikin injin. Wannan hayaƙin yana rage zafin ƙonewa, sai gubar ta ragu.

Amma hayaƙin salansa yana da zafi ƙwarai, dole a sanyaya shi kafin ya koma. Shi ya sa akwai wata 'yar na'urar sanyaya hayaƙi da ruwan lagireto ke zagayawa a cikinta. A nan matsalar take, kuma ga yadda take tafiya mataki-mataki:

1. Na'urar sanyayawar tana tsagewa, ruwan lagireto ya fara ɗiga a ciki.
2. Ruwan yana ɗauke da sinadarin gilaikol. Idan ya haɗu da ƙunƙunniyar hayaƙi da ɓurɓushin baƙin mai, sai ya zama wani dasƙararren datti mai iya cin wuta.
3. Idan hayaƙi mai tsananin zafi ya bi ta kansa, musamman a doguwar tafiya, dattin yana fara ci kamar garwashi.
4. Tartsatsin yana shiga bututun da ke kai iska cikin injin. Da yake na roba ne, sai ya narke ya huje, daga nan wuta ta samu hanyar fita.

Gyaran da aka yi shi ne leƙa cikin na'urar da ƙaramar kyamara, sauya ta, da wanke bututun ko canza shi idan dattin ya kai gare shi.

Ina koken masu mota ya shigo?

Akwai bambanci tsakanin koke da kiranye. Koke magana ce ta mutum ɗaya, ba a tabbatar da ita ba. Kiranye kuwa mataki ne na hukuma da kamfani, wanda doka ta tanada. Masu rubuta manhaja sun san wannan tsarin: idan mutum ɗaya ya ce manhaja tana rufe kanta, ana iya cewa wayarsa ce. Idan mutum ɗari masu waya iri ɗaya suka faɗi abu ɗaya, to kuskuren yana cikin manhajar.

Haka aka yi a Koriya. Masu motoci suka haɗu suka shigar da ƙara, wasu suka kai koke ga 'yan sanda suna zargin an ɓoye gaskiya. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike na jami'ai da masana. Ranar 24 ga Disamba 2018 ma'aikatar sufuri ta ce kamfanin ya san da matsalar tun 2015, ya kuma yi jinkirin kiran wasu motocin. Ta ci shi tarar won biliyan 11.2, kimanin dala miliyan 10, ta kuma miƙa batun ga masu gabatar da ƙara. BMW ta musanta cewa ta ɓoye wani abu, ta ce ta yi kiranyen da zarar ta tabbatar da musabbabin wutar. Bayan haka ƙasar ta gyara dokarta, inda daga 2021 kamfanin da ya ɓoye matsala zai iya biyan diyya har ninki biyar na asarar da ya jawo.

Me ya shafi mai sayen tokumbo?

Idan aka yi kiranye, kamfani yana aika wasiƙa ga wanda sunansa ke kan rajistar motar a ƙasar da aka sayar da ita. Motar da ta bar Jamus ko Amurka, ta sauka a Kwatano ko Legas, ta ƙare a wajen dillali a Kano ko Maraɗi, babu wasiƙar da za ta biyo ta. Idan mai ita na farko bai kai ta gyara ba, matsalar tana nan a cikin injin, sabon mai ita bai sani ba.

Abin da ke taimakawa shi ne, kiranye ba ya bin sunan mutum, lambar mota yake bi. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ake kira VIN.

Yadda ake dubawa

1. A nemi lambar a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ko a takardar da ke liƙe a jikin ginshiƙin ƙofar direba. A ɗauke ta hoto, a tabbatar ta dace da ta takardun kwastan.
2. A lura cewa babu haruffan I, O da Q a cikin VIN. Abin da ya yi kama da O sifili ne.
3. Idan motar daga Amurka ta zo, a buɗe shafin hukumar NHTSA, a shiga sashen kiranye, a saka lambar. Kyauta ne, kuma zai nuna kiranyen da ba a gyara ba. Hukumar tana da manhajar SaferCar a Android da iPhone.
4. Idan daga Turai ta zo, shafin NHTSA ba zai san ta ba. A yi amfani da shafin kamfanin da ya ƙera ta, ko a tura lambar ga wakilinsa.
5. A shafin NHTSA ɗin, a nemi samfurin motar da shekararta, a karanta koken masu ita. Ba yawan koke kaɗai ake kallo ba, a duba ko abu ɗaya ake ta maimaitawa.

Idan sakamako ya nuna babu kiranye, hakan ba ya nufin motar lafiyarta ƙalau. Yana nufin babu gyaran kiranye da ya rage a kanta kawai. Har yanzu sai bakanike ya duba.

Alamomin da bai kamata a raina ba

Alama ta farko ita ce ruwan lagireto ya riƙa raguwa alhali babu ɗigo a ƙasa. Da yawan direbobi sai su ƙara ruwa su ci gaba da tafiya, wanda hakan rufe alamar ne, ba gyara ba. Sauran sun haɗa da fitilar gargaɗin injin a dashbod, raguwar ƙarfin mota, warin hayaƙi a ciki, baƙon sauti daga injin, da hayaƙi daga ƙarƙashin bonet.

Idan hayaƙi ya bayyana ana cikin tafiya, a gangara gefen titi, a kashe injin, kowa ya fita ya yi nisa. Kada a ɗaga bonet, domin iska na ƙara wa wuta ƙarfi.

Motocin alfarma masu dizal ba su kai masu fetur yawa a Najeriya ba, amma wannan binciken na lambar shasi yana aiki a kan kowace mota, ko Corolla ce ko Accord. Minti biyu yake ɗauka da data kaɗan. Idan dillali ya hana a ɗauki hoton lambar, wannan kaɗai ya isa dalilin duba wata motar.