Numfashi a Cikin Hular Kwano Mai Rufe Fuska

Hular kwano mai rufe fuska gaba ɗaya ita ce ta fi kare mai babur, domin ta haɗa har da haɓa da muƙamuƙi. Sai dai tsakanin baki da gilashin hular akwai ɗan fili inda iska kan maƙale. Numfashin da mutum ke fitarwa na ɗauke da iskar kabon dayoksaid kusan kashi 4 cikin 100, alhali a iskar waje ba ta wuce 0.04 ba sosai. In gilashi na rufe, ba dukanta ke samun mafita ba, sai huhu ya sake jan ragowar.

Wani bincike da aka yi a Suwizalan a 2005 ya auna wannan. A tsaye, kabon dayoksaid kan haura kashi 2 a gaban hanci, amma da gudu ya kai kilomita 50 a awa sai ta sauka ƙasa da kashi 1, saboda iskar hanya na share cikin hular. Ƙa'idar wuraren aiki kuwa kashi 0.5 ce na tsawon awa takwas. Ke nan matsalar ta tsayuwa ce: a danja, a gosulo, a layin gidan mai.

Gilashi ne kan fara nunawa, ya yi tururi daidai saitin baki. Daga nan numfashi ya ƙara sauri, kai ya yi nauyi, hankali ya fara rarrabuwa. Ɗan acaɓar da ya yini a titi yakan ɗora laifin a kan rana ko yunwa. Abin ya fi tsananta da hunturu, lokacin da ƙura ke toshe ƙofofin iskar hula, mai babur kuma ya naɗe hanci da ƙyalle mai kauri saboda sanyi.

 Ƙofar iskar da ke haɓa a bar ta a buɗe, a riƙa kakkaɓe ta da ɗan burushi. Wanda ya ji jiri ya gangara gefen titi, ya kashe babur, sannan ya cire hula ya sha iska. Ajiye hular a gida kuskure ne babba, don tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42, na raunin kai da kusan 69.

Iskar kabon dayoksaid daban take da kabon monoksaid na hayaƙin salansa, wadda guba ce. Ɗaga gilashi ba ya maganinta, sai dai a matsa daga bayan babbar motar da ke turnuƙe hayaƙi.