Daga Kwatarniyar Jima Zuwa Ɗakin Bincike

Kakana majemi ne a garinmu Mawashi, kuma ba zan ɓoye muku ba, 'yan'uwana ɗalibai, tun da na zo makarantar nan ban taɓa faɗar haka a ɗakin kwana ba. Ina tsoron a ce da ni jikan mai warin fata. Wani darasi da muka yi a zangon da ya wuce shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ran nan malaminmu na kimiyya ya tambaye mu, me ya sa in an dafa ganda takan yi laushi, romonta ya daskare in ya huce, amma jemammiyar fata ko ta kwana cikin ruwa ba ta ruɓewa? Aji ya yi tsit. Sai ya bayyana mana cewa fata cike take da wasu zaruruwa dogaye, waɗanda ido ba ya gani, ana kiransu kolajin. Duk abin da ke da irin wannan doguwar sarƙa sunansa folima. Zafi yana warware zaren kolajin ya zama jelatin, watau abin nan mai yauƙi na romon ƙafar sa. Ita kuwa bagaruwa tana ɗauke da sinadarin tanin, wanda ke shiga tsakanin zaruruwan ya riƙe wannan da wancan, kamar yadda ake ɗaure kara a tsakaice in ana danni.

Nan da nan na tuna da kakana yana daka bagaruwa a turmi, yana zubawa a kwatarniya, yana cuɗa fatar akuya bayan an cire gashinta da toka. Ashe ɗaurin zare yake yi shekara da shekaru.

Malam ya zuba narkakken jelatin a kan gilasai biyu, ya bushe ya zama tantani siriri kamar ɓawon albasa. Ɗaya muka jiƙa shi a ruwan bagaruwa ya kwana. Kashegari muka tsoma su duka a ruwan ɗumi. Wanda ba a jiƙa ba ya narke, ɗayan kuwa ya yi duhu amma yana nan.

To, a nan ne likitoci suka shigo. Masu bincike sukan raya ƙwayoyin halittar jikin mutum a cikin ɗan faranti, domin gwada magani kafin a ba majiyyaci. Yawancin ƙwayoyin nan ba sa yaɗuwa sai sun sami abin da za su manne wa, don haka akan shimfiɗa musu tantanin jelatin ko kolajin. Matsalar ita ce ana ajiye farantin a zafin jiki, digiri 37, jelatin kuwa narkewa yake yi a wannan zafi. Dole a ɗaure shi. Riƙon tanin bai kai ƙarfin na wani sinadari da ake kira gulutaraldihaid ba, wanda ke ƙulla zare da zare ƙulli na dindindin. Da shi ne likitan nan na Faransa, Alain Carpentier, ya gyara murfin jijiyar zuciyar alade ya dasa wa mutum a 1968, kana a 1971 Marian Ionescu a Ingila ya yi irinsa da tantanin da ke lulluɓe zuciyar saniya. In ka dube shi da kyau, jima ce suka yi.

Sai dai wannan sinadari guba ne. In ba a wanke ragowarsa sarai ba, zai kashe ƙwayoyin da ake son rayawa. Shi ya sa ake neman masu sauƙi daga tsirrai, kamar tanin ɗin kansa, da wani mai suna jenifin da ake samu daga 'ya'yan wata bishiya ta ƙasar Sin, dangin gauɗenmu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawan ɗaurin ma yana da magana. A 2006 Dennis Discher da abokan aikinsa a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun nuna cewa ƙwayoyin asali na ɓargo, in an ɗora su a kan shimfiɗa mai laushi sukan karkata ga zama irin na jijiyar ƙwaƙwalwa, in kuwa mai tauri ce sai su nufi zama na ƙashi. Kakana ma yakan ce in bagaruwa ta yi kaɗan fata ta ruɓe a tsakiya, in ta yi yawa ta yi gautsi, dukawa su ƙi saye.

Da na je hutu na kwashe labarin nan na faɗa masa. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "To, ɗan boko, tun da ka gane, ɗauki taɓarya." Na daka bagaruwa har tafin hannuna ya yi kanta. Na kuwa ƙunso kaɗan a cikin akwatina, domin Malam ya ce zangon nan za mu gwada ko kwana nawa tantanin ke bukata a ruwanta kafin ya fara karyewa.