Yadda Ake Gane Naƙuda Ta Zo

'Yan'uwa, yawancinmu in mun gama karatu ƙauye za a kai mu, inda asibiti ke da nisa, a can kuwa kome ya taso malami ake tambaya. Shi ya sa nake so in yi magana a kan alamun naƙuda, don maza da mata duka.

Ciki yakan yi mako 40, in an ƙirga daga ranar da jinin al'ada na ƙarshe ya fara. Daga mako 37 sai a zauna da shiri. Mai cikin fari takan ji cikin ya sauka tun saura mako biyu ko fi, numfashi ya yi mata sauƙi, fitsari ya yawaita. Wannan ba naƙuda ba ce tukuna.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne ciwon mara, gama iri biyu ne. Akwai wanda ciki zai ɗaure ya saki ba bisa ƙa'ida ba, in mace ta kwanta ko ta ɗan zaga sai ya lafa. Na gaske kuwa yakan taso daga ƙugu ya zagayo mara, ya tafi ya komo a kan lokaci, kullum yana ƙara ƙarfi, tazararsa tana raguwa, hutu kuma ba ya kashe shi. A duba agogo. In yana zuwa kowane minti 5, yana daɗewa kamar minti guda, to, lokacin tafiya ya yi. Wanda ke nesa kada ya jira haka.

Har wa yau wani abu mai yauƙi kamar majina yakan fito da ɗan jini kaɗan, watau bakin mahaifa ya soma buɗewa. In kuwa faya ta fashe, a tafi ko babu ciwo, a kuma lura da launin ruwan. Kore ko ƙasa-ƙasa yana nuna jariri ya yi kashi a ciki, mai yiwuwa ya wahala.

Zubar jini sosai, da ciwon kai mai tsanani tare da gani dishi-dishi ko kumburin fuska, da jijjiga, da zazzaɓi, da raguwar motsin jariri, duk ba a kwana da su a gida.

Ni a ganina kunya ta fi nisan hanya ɓarna. Yarinya mai cikin fari sai ta daure ta yi shiru don kada a ce ta yi raki, har a kwana a wuni. Naƙudar da ta wuce awa 12 tana bukatar ma'aikatan asibiti, gama in kan jariri ya daɗe a maƙale yakan jawo yoyon fitsari, ko a rasa ɗan. Saboda haka tun ciki na wata bakwai a sami babbar mace wadda yarinyar ba ta jin nauyinta, a tanadi kuɗin mota, maigida kuma ya bar izinin tafiya asibiti ko ba ya nan.