Tayin Gida Tsakanin Dillalai Biyu

Idan kana da dillalinka, mai gida ma yana da nasa, tayinka sai ya bi ta baki biyu kafin ya isa. A nan ake cin na tsakiya: ka taya miliyan 18, mai gida ya ji 16.

Don haka rubuta tayin, da ranar biya da wa'adin jiran amsa. Kada dillalin mai gida ya san iyakar ƙarfinka, domin ba kai yake wa aiki ba. A tsayar da la'ada tun farko, da wanda zai biya ta. Ranar sallamawa ku zauna da mai gidan gaban shaidu. Kada ka ba da kafin alƙalami sai lauya ya tantance takardun gidan a ma'aikatar filaye.