Darasi na 14: Renon Maraƙi da Horon Shanun Huɗa

San huɗa nagari, tun yana maraƙi a ke shirya shi. Manomin da ya kula da maraƙinsa, shi ne zai ji daɗin garmarsa.

Da saniya ta haihu, a bar maraƙi ya sha dakashi, watau nonon fari. Dakashi shi ke kare shi daga cututtuka. Kada a tatse uwar ƙarƙaf don kai nono kasuwa. Maraƙin da bai ƙoshi da nono ba ya kan tsumbure, ba zai yi ƙarfin jan garma ba. In ya fara cin ciyawa, a riƙa ba shi harawa da dusa da ruwa mai tsabta, da ɗan gishiri ko kanwa. A cire masa kaska, a ba shi maganin tsutsar ciki. A kai shi wurin malamin dabbobi a yi masa allurar rigakafin ciwon huhu.

A saba masa da hannu tun yana ƙarami. A riƙa shafa shi, a sa masa suna, a ɗaura masa igiya ana jan sa zuwa wurin shan ruwa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Farare irin na Bunaji da Bokolo na ƙasar Sakkwato duk suna aikin garma. A zaɓi biyu masu tsawo ɗaya da ƙarfi ɗaya, masu faɗin ƙirji da miƙaƙƙun ƙafafu. In ɗaya ya fi ɗaya tsawo, karkiya za ta karkace, ta ji wa ƙaramin ciwo a wuya. In sun kai wajen shekara 2, malamin dabbobi ya dandaƙe su don su yi sanyin hali.

Lokacin horo shi ne daga shekara 2 da rabi zuwa 3. A yi shi da rani, tun kafin ruwa ya sauka. Ga yadda a ke bi:

1. A huda musu hanci, a zura igiya, a bari ciwon ya warke.
2. A ɗaura musu karkiya, su yi ta tafiya tare ba su jan kome.
3. In sun saba, a ɗaura musu gungume su ja.
4. Daga nan a sa musu garma a ƙasa mai taushi, su koyi bin kunya.

Ko wace rana a yi amfani da magana iri ɗaya: "Mu je!" "Tsaya!" "Juya!" A fara da ɗan lokaci kaɗan da sanyin safiya, ana ƙarawa sannu sannu. Ya kan ɗauki mako 3 ko 4. Duka ba ya koya wa sa aiki. San da ya sha bulala tsoro zai koya, ya riƙa kwantawa a gona ko ya gudu da garma.

Ga babban abin lura. Aikin huɗa ya kan zo ne a farkon damina, lokacin da shanu su ka fi rama. Saboda haka tun da kaka a tara harawar gyaɗa da ta wake da karan dawa, a ajiye a inuwa. Kada su wuce awa 4 ko 5 suna aiki a yini, kuma a huta da su in rana ta take. Takinsu kuwa a kwashe a kai gona.

Tambayoyi
1. Mene ne amfanin dakashi?
2. Don me a ke zaɓen shanu masu tsawo ɗaya?
3. Wane lokaci ya kamata a yi horo?
4. Rubuta wannan: Duka ba ya koya wa sa aiki.