Yadda Reshe Ke Juyewa da Mujiya a Filin Ƙwallo

'Yan uwana ɗalibai, duk wanda ya saba zama a gidan kallo, a Makarfi ne ko Ikara ko Hunkuyi, ya san halinmu: da an zura wa ƙungiyarmu biyu sai mu fara sulalewa. A gasar sassa ta makaranta ma haka ne, ana cin mu biyu 'yan baya za su hau gola da faɗa. A wannan darasi ina so mu duba abubuwa huɗu da ke juya wasa, don mai kallo ya iya karanta fili, mai bugawa kuma ya san lokacin zage dantse.

Na farko, ƙwallon farko ta wanda ake ci. A ranar 25 ga Fabrairu 1989, a Dammam ta Saudiyya, Tarayyar Sobiyet ta zura wa Flying Eagles huɗu ba ko ɗaya. Saura kamar minti 30 Christopher Ohenhen ya ci da bugun tazara, ya sake ƙarawa, Samuel Elijah ya ci ta uku, Nduka Ugbade ya farke. Najeriya ta yi nasara a bugun fanareti, 5-3. Me ya faru? Da an rama ɗaya, mai rinjaye yakan ja baya yana gadin abin da ya samu. Shi kuwa wanda ake ci ba shi da sauran abin asara, sai ya fito gaba ɗaya.

Na biyu, benci. A wasan kusa da na ƙarshe na Olamfik, 31 ga Yuli 1996, Brazil na gaba 3-1 a hutun rabin lokaci. Tawagar nan tamu tana da 'yan Kaduna: Daniel Amokachi, Tijjani Babangida, Garba Lawal da Celestine Babayaro. Victor Ikpeba, wanda ya taso daga benci, ya ci a minti na 78. Su kuma Brazil suka cire Ronaldo, a ganinsu an gama. Kanu ya farke a minti na 90, ya ƙara ta huɗu a ƙarin lokaci. Ka ga, sa'ilin da suke neman mai ci musu, yana zaune a waje.

Na uku, jan kati, kuma nan ne tarkon yake. A gasar cin kofin duniya ta 1994 muna gaban Italiya 1-0, aka kori Gianfranco Zola, suka koma goma. Kowa ya ce shi ke nan. Amma Roberto Baggio ya farke a minti na 88, ya ƙara da fanareti a ƙarin lokaci, muka tattaro kayanmu. Mutum goma sukan matse wuri ɗaya su ninka gudu, sha ɗaya kuwa sukan saki jiki. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Na huɗu, shawarar kyaftin. Misalin daga ƙwallon zari-ruga na ɗauko shi. A kofin duniya na 2015, Afirka ta Kudu na gaban Japan 32-29 daf da tashi, sai Japan ta samu bugun da zai ba ta maki uku, a tashi kunnen doki. Kyaftin Michael Leitch ya ƙi, ya zaɓi a ci gaba da kai hari, suka ci 34-32.

Abin lura, duk waɗannan sai bayan an tashi muke iya nuna su da yatsa. Shi ya sa nake jin tausayin ɗalibin da ke zuba kuɗin rajistarsa a cacar ƙwallo yana cewa ya karanci wasa. Malam, kocin Brazil ma bai ga abin da ke tafe ba, balle kai da ke riƙe da waya.

Ga aikin gida. A wasa na gaba, daga minti na 60, ka riƙe biro ka amsa tambaya uku: wace ƙungiya ce ta fara ja baya, wa aka cire aka sa wa, kuma su wa suka fara yi wa juna tsawa? Ka rubuta mintin, bayan tashi ka gwada da sakamakon.